Wa ke ɗauke mini tantabaru, shaho ko shirwa?

Wani ɗan'uwa mazaunin Fadaman Mada a cikin garin Bauchi ya aiko da tambaya. Ya ce yana kiwon tantabaru da kaji a bayan gida, cikin wata guda ya rasa tantabara uku da ʼyan tsaki da dama, kuma kullum da rana akwai manyan tsuntsaye da ke jewa a saman unguwarsu. Maƙwabcinsa ya ce masa shirwa ce, ya ba shi shawarar ya barbaɗa guba a kan nama ya ɗora bisa katanga. Shi kuwa so yake ya san yadda ake bambance tsuntsayen nan, da kuma wanda ke yi masa ɓarna a cikinsu.

Malam, Allah ya mayar da alheri. Maganar gubar nan ka jingine ta tukuna, zan dawo kanta. Na daɗe ina bin tsuntsayen garin nan da na dazuzzukan kewaye, da ɗan littafina da madubin hangen nesa, kuma abin da na fi cin karo da shi a unguwanni shi ne wanda aka gani shi ake ɗora wa laifi. Shirwa tana yini a sama, kowa na kallonta, don haka duk abin da ya ɓata ita ce. Wanda kuwa ke iya kashe babbar tantabara tana cikin tashi ba ya yini yana jewa a kan gidanka. Kafin ka ɗaga kai ya gama aikinsa.

Kalmar shaho da muke faɗa buhu ce, mun zuba tsuntsaye da yawa a ciki. A garin Bauchi kaɗai, wanda ya sa ido shekara guda zai ga masu farauta iri-iri sun haura goma. Kuskuren da kowane sabon mai kallo ke yi shi ne farawa da launi. Tsuntsun da ke tsakaninka da rana baƙi ne ko da fari ne, balle a lokacin hazo. Fara da jela. Daga nan ka dubi bakin fiffike, mai tsini ne ko mai faɗi kamar buɗaɗɗun yatsu. Sai ka lura da yadda yake tafiya a iska. In ka samu waɗannan ukun, launi tabbatarwa kawai zai yi maka.

Shirwa ta fi kowa sauƙi. Jelarta doguwa ce mai gwafa a ƙarshe, kamar an sa almakashi an ɗan ɗebe tsakiyarta, kuma ba ta barin jelar nan ta huta: tana murɗa ta hagu da dama kamar mai tuƙa kwalekwale, fukafukan a ɗan lanƙwashe, jiki ruwan ƙasa. In ta buɗe fukafukai za ta kusa mita ɗaya da rabi, amma kada girman nan ya ruɗe ka, nauyinta bai kai kilo guda ba, ƙafafunta kuma ba su da ƙarfin kirki. Ka je wajen mayanka ta Inkil da hantsi, ko bayan kasuwar Muda Lawal inda ake zubar da shara, ka tsaya minti goma. Za ka ga ta sauko a karkace, ta wafci guntun hanji da ƙafa ba tare da ta dira ba, ta koma sama, sannan ta sunkuyar da kai zuwa ƙafar tana ci tana tafe. Abincinta ke nan: tarkacen mahauta, mushen ɓera a bakin titi, fara, shinge in ruwan farko ya sauka. Takan fyauce tsoka daga tiren yaron da aka aika kasuwa, kuma ɗan tsakon da ya yi nisa da uwarsa a fili ba ta ƙyale shi. Wannan laifinta ne, ban wanke ta ba. Amma lafiyayyar tantabara mai tashi ta fi ƙarfinta, gudu ma ba za ta kamo ta ba.

Tamu ta gida bakinta rawaya ne. Suna cika gari daga ƙarshen damina, su yi sheƙa da rani a kan dogayen itatuwa irin su maɗaci da rimi, sheƙar ƙirare da tsummoki da leda, in damina ta kankama yawancinsu su yi arewa. Da hunturu akwai ʼyar'uwarta mai baƙin baki da ke zuwa daga Turai. Sai dai kada ka ga baƙin baki ka yanke hukunci, domin ʼyaʼyan tamu ma da duhun baki suke tashi.

Na biyu shi ne wanda ke zaune a unguwarku shekara da shekaru wataƙila ba ka taɓa lura da shi ba. Ɗan ƙaramin shaho ne, bai wuce hasbiya ba, a littattafan tsuntsaye sunansa shikra. Bayansa ruwan toka, ƙirjinsa da siraran layuka jajaye a kwance, idon namijin ja wur, na macen ya fi karkata ga ruwan lemo. Macen ta fi namijin girma, haka abin yake a yawancin masu farauta. Fukafukansa gajeru ne masu zagayayyen baki, jela doguwa, gini ne na mai kutsawa tsakanin rassa da katangu. Tafiyarsa ita ke tona shi: ya kaɗa fukafukai da sauri sau huɗu ko biyar, ya miƙe su ya sulale, ya sake kaɗawa. Duk sanda na ga wannan sai ayar nan ta 19 a Suratul Mulk ta faɗo mini, inda aka ja hankalinmu ga tsuntsaye a samanmu suna shimfiɗa fukafukai suna kuma naɗewa.

Akwai wani da ya saba da dalbejiyar ƙofar gidanmu. Wata safiya ina shan shayi a dakali, jan gwada ya hau katanga yana ta gyaɗa kai yadda suka saba. Ban ga fitowar shahon ba. Na dai ji ganye ya motsa, sai ga shi manne da katangar, fiffike ɗaya a buɗe yana dogara da shi, ƙadangaren a ƙafarsa jela na ta bugun bulo. Ya dube ni da jan idon nan kamar ni ne baƙo a gidan, ya ɗauki abinsa ya koma cikin duhun ganye. Ƙadangaru ne rabin rayuwarsa, sai fara da ƙananan tsuntsaye. Ɗan tsako na makon farko ko na biyu yana cikin lissafinsa, kuma shi ba daga sama yake zuwa ba, daga itacen da ke cikin gidanka yake fitowa. In ʼyan tsakinka na ɓacewa a gindin mangwaro alhali ba ka ga inuwar komai ba, shi nake zargi kafin shirwa. Yana da wani sa'a mai kama da shi, amma wancan ƙafafunsa da gindin bakinsa ja ne, kuma in ya tashi za ka ga farin tabo a saman gindin jela. Wani lokaci a cikin irinsu akan samu baƙi ƙirin.

Tantabarunka kuwa, in dai da rana suka ɓata kuma a sama, to ina kyautata zaton aikin babban shahon duwatsu ne, wanda masana ke kira Falco biarmicus. Bauchi gari ne da duwatsu suka yi wa ƙawanya, ga na Warinje, ga na Gudum, ga Zaranda can a hanyar Jos, kuma tsagin dutse shi ne asalin gidansa. Da muka kakkafa ƙarafan sabis da manyan turakun lantarki sai muka ƙara masa duwatsu a tsakiyar gari. Ba ya gina sheƙa da kansa. Tsohuwar sheƙar hankaka a kan ƙarfen sabis ta ishe shi. Girmansa kamar na hankaka, ƙirji a cike, fukafukai dogaye masu tsini kamar lauje, jela ba gwafa. In ka same shi a zaune ka sa madubi, za ka ga ƙeyarsa ja-ja, da wani baƙin zane da ya sauko daga ido kamar tsagen fuska. Sau da yawa mata da miji ke fita tare, ɗaya ya tarwatsa garke, ɗaya ya tare wadda ta ware.

Na taɓa ganin wannan daga kan wani bene a Yelwa bayan la'asar. Garken tantabaru na zagaye a hankali, sai kawai suka dunƙule wuri guda suka yi sama a guje. Tantabara ba ta yin haka don shirwa, ta san ta. Na bi bayansu da ido, sai ga ɗigo daga can ƙololuwa ya naɗe fukafukai yana gangarowa. Ƙarar bugun ta iso kunnena kamar an tafa hannu sau ɗaya, gashi ya watse a iska, ya juyo ya cafe ta kafin ta kai rufin kwano. Yaran da ke ƙwallo a ƙasa ba wanda ya ɗaga kai. Yana da ɗan'uwa da ya fi shi duhun kai, Falco peregrinus, wanda in ya kawo irin wannan sura gudunsa kan wuce kilomita 300 a awa, ba wata halitta mai rai da aka auna ta kai shi. Shi ba kasafai ake ganinsa a nan ba.

Amma kafin mu rataya wa kowa, ka duba abin da aka bari. Shaho figar tsuntsu yake yi: za ka tarar da tulin gashi wuri guda, kowane gashi da gindinsa lafiya lau, an cinye ƙirji, fukafukan na nan haɗe da ƙashi. Muzuru kuwa tauna yake yi, gindin gashin a gutsure, a jiƙe da yawu. In da dare abin ke ɓata daga cikin ɗaki, to ba ruwan shaho ko shirwa, barci suke yi. Nemi muzuru, ko gafiya ga ƙwai da ʼyan shila, ko maciji. In kuwa ba gashi ba jini, kai ma mai kiwo ne, ka san tantabara na bin garken wani ta sauya gida, ka kuma san akwai shaho mai ƙafa biyu da ke haura katanga.

Sauran ba ruwansu da kiwonka, amma tunda ka ce kana son ka san su, ga waɗanda za ka fi haɗuwa da su. Da kamanninsu zan kwatanta maka su don mu fahimci juna. In ka bi hanyar Gubi ko ta Dass da yamma, ka duba wayoyin lantarki: akwai wani fari da toka mai baƙar kafaɗa da jan ido, wanda kan tsaya cak a iska yana kaɗa fukafukai, kai a sunkuye, kamar an rataye shi da zare. Ɓeran gona yake nema, manomi ba shi da ma'aikaci kamarsa. Akwai wani ja-ja mai irin wannan tsayuwa, da wani jan gaba ɗaya kamar jar ƙasa wanda ba ya nisa da duwatsu. Inda duk ka ga giginya a tsaye, duba ƙarƙashin ganyenta da magariba, akwai ɗan shaho mai jan kai da ya fi son yin gida a nan, yana kamun ƙananan tsuntsaye da jemagu. In an sa wa ciyawa wuta da kaka kuwa, cikin shirwar da ke bin hayaƙi za ka ga wani mai jajayen fukafukai, fara yake tsinta.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne wani babba ruwan toka mai ɗan ƙaramin kai, fuskarsa ba gashi, rawaya, in ransa ya tashi ta koma ja. Jelarsa baƙa ce da farin layi guda a tsakiya. Shi ba ya bin kowa da gudu. Sai ya maƙale a jikin itace ko bakin rufi yana fuffuka, ya zura doguwar ƙafa cikin rami ko sheƙa yana lalube kamar mai neman canji a aljihu, domin gaɓar ƙafarsa na lanƙwasuwa gaba da baya. In ramukan ɗakin tantabarunka a buɗe suke ta waje, wannan kan iya zaro ʼyan shila.

Lokacin kallo yana da muhimmanci fiye da wuri. Masu jewa ba sa tashi da asuba, jira suke ƙasa ta yi zafi iska mai ɗumi ta fara hawa, ta ɗauke su kyauta. Don haka daga walaha zuwa azahar ne sama ke cika. Masu kamu da gudu kuwa sassafe ne da bayan la'asar. Ka ba rana baya. Ka bi ƙarfen sabis da ido daga sama har ƙasa, ka duba tankunan ruwa da fitilun filin wasa da busassun rassa. Farin kashi da ya zubo a jikin ƙarfe da gashin tsuntsu a gindinsa alama ce akwai mai wurin. Sannan ka bar kunnenka a buɗe. Kaza na da wani dogon kuka na daban da take yi wa abin sama, ʼyaʼyanta su lafe nan take. Hankaki in sun taru suna ihu suna kai sura kan itace guda, akwai wanda suka gani. Rabin shahunan da na rubuta a littafina wasu tsuntsayen ne suka nuna mini su. Madubi in za ka saya, mai lamba 8x42 ya isa, wanda ya fi shi ƙarfi rawa yake yi a hannu.

Wata shawara da ba ta cikin littafi: madubin hangen nesa a cikin unguwa abin zargi ne, kuma mutane na da gaskiya. Kada ka hau bene ka saita shi wajen gidajen mutane, ko da mikiya ce ta sauka a can. Ka gaida dattawan da ke zaune, ka faɗi abin da kake yi, ka miƙa musu su leƙa. In wuri ne da za ka riƙa zuwa, ka sanar da mai unguwa. Kusa da bariki ko wani wurin jami'an tsaro kuwa, mayar da shi jaka. Ni an taɓa tsare ni da tambayoyi kusan awa guda a kan wani shaho da ya tashi ya bar ni da bayani.

Yanzu kiwonka. ʼYan tsaki magani ɗaya ne: rufi. Akurki mai raga a sama, ko babban kwando, har su yi wata guda zuwa mako shida, a riƙa ba su abinci a ciki. Na san masu shafa musu shuɗi ko ja don ruɗa shirwa, ban hana ba, amma raga na fi yarda da ita. Tantabaru kuma ka tsare su mako ɗaya ko biyu, shahon zai koma kan kurciyoyi da hasbiyoyin da dama su ne abincinsa. In ka dawo da saki, ka daina sakinsu a lokaci guda kullum, domin yana riƙe lokaci kamar mai jiran motar haya. Kada ka saki ɗaya ko biyu su kaɗai, kada ka saki sabon tashi da sassafe. Duk da haka wata rana zai ɗauki guda, ba zan ɓoye maka ba.

Gubar kuwa ko shahon ba za ta samu ba, shi mai rai yake kamawa, ba ya sauka kan naman da aka ajiye. Shirwa za ta ɗauka, ta je ta faɗi a wani gida inda akwai kaji da yara. Hankaka zai ci, kyanwar maƙwabta za ta ci, wanda ya ci mushensu shi ma ya bi su. Irin wannan na cikin abin da ya raba mu da ungulu. Duk wanda ya girma a garin nan ya san lokacin da suke jere a kan rumfunan mahauta, suna tafiya tsakanin ƙafafun mutane kamar kaji. Yaushe rabonka da ganin ko guda a Wunti? Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun gari cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Guba ta ci wasu, masu sayen kai da ƙafafu don tsibbu sun ci wasu, an sare manyan itatuwan da suke sheƙa, ita kuwa ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ba ta iya mayar da gurbi. Wani bincike da aka wallafa a farkon 2024 ya duba iri 42 na masu farauta a dazuzzukan Afirka, ya samu kusan kashi 90 cikin 100 suna raguwa, kuma a nan Afirka ta Yamma abin ya fi muni. Gaggafa, mai guntuwar jela da jar fuska, wadda ke tafe a sama tana rangaji, yanzu sai ka dangana da Yankari kafin ka sa ran ganinta. A Indiya an ga ƙarshen wannan hanya: wani maganin dabbobi, diclofenac, ya kusa share ungulayensu daga shekarun 1990, mushe ya rasa mai ɗauka, karnukan titi suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru.

Mujiya ma ka sa ta cikin lissafin masu farautar unguwa, ita ce mai aikin dare. Farar nan mai faffaɗar fuska da ke shiga silin ɗin makarantu da tsofaffin gine-gine, wadda kukanta ke sa a yi ta a'uziyya, ɓeraye da jaba take ci. In ka samu inda take kwana za ka ga wasu baƙaƙen dunƙule a ƙasa, aman gashi da ƙashin da ba ta narkar ba. Fasa guda da tsinke ka ƙirga kawunan ɓeraye da kanka.

In abin ya shiga ranka, akwai aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke jagoranta tun 2015, inda ʼyan sa kai ke rubuta abin da suka gani a manhajar BirdLasser, kuma lissafin cikin unguwa ma karɓaɓɓe ne. Kafin nan dai ga aikin da zan ba ka. Gobe bayan sallar asuba, in gari ya waye, ka tsaya inda kake hango ƙarfen sabis mafi kusa da gidanka, ka duba can sama wajen farantan da ke jikinsa. In ka ga wani a zaune a miƙe, ƙirji fari-fari, ka jira ya tashi, ka rubuto mini yadda bakin fiffikensa yake da inda ya nufa.